ZAKARA ƊAYA, KAJI GOMA

Zuwa ga manoma, da dagatai, da masu unguwa. Muna so mu ja hankalinku ga wata hasara wadda ta ke cikin gidaje da yawa, amma ba a lura da ita ba, watau yawan zakaru.

Kaza ta kan yi kwana 21 tana kwanci kafin ta ƙyanƙyashe. Cikin 'yan tsakin da su ka fito, galibi kusan rabi maza ne. In mai gida ya bar su duka, to, bayan wata biyar sai ya tarar da zakaru biyar ko shida suna cin dawarsa, ba su ba shi ƙwai ko ɗaya, sai faɗa da safe, faɗa da maraice. Maganin wannan shi ne a gane su tun da wuri.

ALAMUN ƊAN ZAKARA

1. Daga mako 4 zuwa 6, a dubi zanko. Na namiji ya kan riga girma, ya yi ja. Na mace ya kan zauna ƙarami, fari-fari, sai ta kusa fara ƙwai kana ya yi ja. Haka kuma naman nan biyu masu reto ƙarƙashin baki.

2. A dubi ƙafafu. Na namiji sun fi kauri da tsawo, kuma ya kan tsaya a miƙe, ƙirji waje.

3. Daga wata 3 zuwa 4, a dubi gashin wuya da na gadon baya kusa da wutsiya. Na namiji dogaye ne, sirara, masu tsini da sheƙi. Na sagara gajeru ne, bakinsu a kewaye. Wannan alama ta fi sauran tabbas.

4. Cara ta kan zo wajen wata 4 ko 5. Wanda ya jira cara ya riga ya ɓad da hatsin wata biyu.

Kada a dogara ga ƙaimin ƙafa, gama ba ya fitowa sosai sai zakara ya girma, kuma wata tsohuwar kaza ma ta kan yi shi. A riƙa gwada tsako da 'yan'uwansa na kwanci ɗaya, ba da na wata uwa ba, domin iri ya bambanta.

ABIN DA YA SA SU KE FAƊA

Kaji suna da sarauta tsakaninsu. Babban zakara shi ne ke fara ci, shi ke kiran mata in ya tono abinci, shi ke tsawa in shaho ya gilma. Wannan aiki ne mai amfani. Amma in 'yan zakaru sun balaga, kowanne sai ya nemi gadon. Wahalar kuwa kan kaji mata ta ke faɗawa: a yi ta hawansu har gashin baya ya tuje, fata ta yi rauni, su kasa ci da natsuwa, ƙwai ya ragu.

ABIN DA ZA A YI

Zakara ɗaya ya isa kaji 10. A zaɓi mai ƙoshin lafiya, mai faɗin ƙirji, wanda uwarsa ta ke da yawan ƙwai. A sani kuma kaza tana yin ƙwai ko babu zakara. Amfaninsa shi ne ƙwan ya ƙyanƙyashe.

Sauran mazan a ware su a akurki dabam, inda ba su ganin mata. Nan faɗansu ya kan yi sauƙi, su yi ƙiba, a sayar gabannin Salla lokacin da kaji ke tsada.

A zuba abinci da ruwa wuri biyu ko uku nesa da juna, don kada babba ya hana ƙanana ci.

In ƙaimi ya yi tsini ƙwarai, a goge bakinsa kaɗan da zarto, kada a kai ga jini.

Zakaran da ya ke kai wa yara sara, kada a tsaya dukansa, duka ba ya gyara shi. Tsayinsa daidai ya ke da fuskar yaro mai rarrafe, ido kuwa ba ya da madadi. A yanka shi.

Bayan shekara ɗaya ko biyu a musanya zakara da na wani ƙauye, don kada ya riƙa hawan 'ya'yansa iri ya lalace. Amma baƙon zakara a tsare shi shi kaɗai mako 2 ko fiye kafin a haɗa, musamman da hunturu, lokacin da annobar kaji ta Newcastle ta fi yawa. Akwai rigakafinta, ana yinsa a Vom. A tambayi malamin dabbobi.

Muna roƙon dagatai su sa a karanta wannan takarda a ƙofar fada da ranar kasuwa, su kuma sa a isar da ita ga matan gida, gama mafi yawan kajin nasu ne.