Kafin a Shiga Zauren Shari'a a Gure

Ɗalibin da ya taso daga jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko ta Tawa domin koyon aiki a kotun Gure yakan zo da tunanin lauyoyi suna kai-kawo gaban alƙali. Ba ya daɗewa yake gane cewa yawancin aikin cikin ofis ake yin sa, a kan takarda.

Nijar tsarin Faransa take bi. In jandarmomi ko 'yan sanda suka kama mutum, suna iya tsare shi awa 48, a ƙara wasu 48 da izinin mai gabatar da ƙara. Babban laifi kuwa sai ya bi ta hannun alƙalin bincike. Shi ke jin wanda ake tuhuma da shaidu, ya nemo abin da ke kama shi da abin da ke wanke shi, sannan ya yanke ko a kai maganar gaban kotu ko a rufe ta.

A nan buƙatar sakin talala take shigowa. Wanda ke gidan kaso, ko lauyansa, yana iya rubuta ta a kowane lokaci. In an ƙi, akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Damagaram. Matsalar ita ce lauyoyi sun taru a Yamai, talakan ƙasar Muniyo, inda Gure take, kuma sau da yawa bai san yana da wannan haƙƙi ba.

Rikicin gona dabam ne: sai an fara neman sulhu gaban sarakunan gargajiya. A batun laifi kuwa, duk mai ɗan'uwa a tsare, ya je ofishin magatakarda ya tambayi inda takardunsa suka kwana.