Daɓen Tsakar Gida: Kafin Ku Aiko Da Injin Wanki Panda

Daga Wakilinmu na Arewa

'Yan'uwa mazauna Kurmi, musamman na Ikko da Badun da Fatakwal, yau maganarmu a kan tsakar gidan da kuka baro ne, watau wannan fili da kuke aiko kuɗi a shafe shi da siminti don tsofaffi su huta da taɓo.

Panda gari ne a ƙaramar hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, jihar da aka cire daga Filato a 1996. In mutum ya taso daga Keffi ya wuce Gitata, sai ya iske shi. Nan ne fadar Odyong Nyankpa, sarkin Yeskwa, kuma mutanen wurin manoma ne. Damina a wannan yanki takan kama tun daga Afrilu har Oktoba, saboda haka duk daɓen da ke cikin inuwar mangwaro ko bayan ɗaki, kafin Agusta ya yi kore shar da gansakuka, ga santsi kamar an zuba miyar kuɓewa. Yaro in ya zame ya tashi ya karkaɗe jikinsa. Tsohuwa mai shekara 70 kuwa in ta zame da bokiti a hannu, sai a yi maganar karayar ƙugu da neman mota zuwa asibitin Keffi.

To, wanda ya ga yadda masu wankin mota a Agege ko Sabo ke feshi da inji, datti na tashi nan take, lalle zai ce ai ga magani, bari ya saya ya aika gida. Injin ba sabon abu ba ne, wani Bajamushe mai suna Alfred Kärcher ya ƙera irin nasa mai ruwan zafi tun 1950. Ƙaramin da ake sayarwa don gida, ƙarfin ruwansa ya ninka na famfo sau 30 ko fiye. Abin da mai kanti ba zai gaya muku ba shi ne, wannan ƙarfi bai san bambancin datti da siminti ba. In daɓen mai rauni ne, zai kankare fuskarsa, tsakuwa ta bayyana, ramukan su riƙe ruwa, baɗi gansakuka ta fi ta bana.

Me ke sa daɓe rauni? Yawanci abu biyu ne, kuma duk suna faruwa tun ranar zubi. Na farko ƙwauron siminti. Haɗin da aka sani na kankare shi ne kashi 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Da ma'aunin magina, buhu guda mai kilo 50 ya ci kwanon sarki 4 na yashi da 8 na tsakuwa. Amma mai kuɗin yana Ikko, wanda aka wakilta yana so ya ga buhu 10 sun rufe filin buhu 20, sai a yi ta ƙara yashi da ruwa. Inda mota za ta taka kuwa, kaurin bai kamata ya gaza inci 4 ba, a kan marmara da aka danne sosai.

Na biyu ya fi shafarku. Galibinku kuna zuwa gida ne a Disamba, kuma lokacin kuke son a yi aikin a gabanku. Lokacin nan ne hunturu ke busawa. Siminti ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, ruwan da ke cikinsa ne ke ƙulla shi a hankali. Yana bukatar a riƙa jiƙa shi safe da yamma aƙalla kwana 7, a lulluɓe shi da tsofaffin buhuna ko ciyawa, kuma sai ya yi kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafi. In maigida ya koma Kurmi bayan kwana uku, aka bar wa yara bayi, iska ta shanye shi, to, an sami daɓen da ko tsintsiya tana tayar masa da gari. Ina ga inji?

A nan sai mutum ya tuna da iyayenmu mata. Daɓen gargajiya nasu ne: a baza tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, mata su jeru da madaɓi suna bugu suna waƙa, sa'an nan a bi shi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, har ya yi duhu ya yi sheƙi. Ba su taɓa barin ruwa ya kwanta a kansa ba, kullum sukan karkata shi wajen rariya. Birkilolin yanzu da yawa, da igiyarsu da ma'auninsu, wannan karkatarwa ce suke mantawa. Gangaren santimita 2 a kowace mita ya isa. Haka kuma inda ruwan kwano ke zuba, a sa indararo ko a jera duwatsu, don ɗigon shekara biyu yana haƙa rami.

Wanki kuwa, mafi yawansa bai bukatar inji. Shara kullum, musamman ganye da kashin awaki, ita ce rabin aikin. Gansakuka a zuba mata ruwan bilic irin su Hypo ko Jik da aka sirka da ruwa mai yawa, a bar shi minti 15, a goge da buroshi mai tauri, a ɗauraye. Kada a kuskura a haɗa shi da ruwan wankin masai ko ruwan batir, hayaƙin da ke tashi guba ne. Baƙin mai na babur ko janareta a rufe shi da toka ko dusar katako ya kwana, a share, a bi da omo da ruwan zafi. Wannan ba don kyau kaɗai ba ne, gama a Panda daɓen da mota ke tsayawa a kansa shi ne kuma wurin shanyar masara da rogo da kaka. Takin zamani ma kada a jibge shi a kan siminti tsirara, in ya jiƙe wani irinsa yana cin kankare. A ɗora shi bisa katako.

In dai an riga an sayi injin, to, sau ɗaya a shekara ya wadatar, bayan ɗaukewar ruwa. A sa bakin da ke baza ruwa kamar mafici, ba mai tsini ba, a nisanta shi kamar ƙafa guda daga ƙasa, a fara gwadawa a wani lungu. A sa takalmi rufaffe, domin ruwan yana tsaga fata, kuma kada wayar lantarki ta kwanta cikin ruwa. Masu bulon shimfiɗa, wanda ake kira intalok, su sani injin yana kwashe yashin da ke tsakanin bulo, kuma yashin nan ne ke riƙe su. In wuri ya bushe sai a share sabon yashi mai laushi cikin tsagogin, in ba haka ba su soma girgiɗi, ciyawa ta tsiro.

Sai kuma lissafin ruwa. Ƙaramin inji yana shan kamar lita 400 a awa guda, watau jarka 16 mai lita 25. Gidan da ba shi da rijiyar burtsatse, sai ku tambaya tukuna wa zai ɗebo wannan ruwa a watan Nuwamba, kuma daga ina.