Bindiga a Zaure: Abin da Doka Ta Yarje wa Maigida a Ƙasar Katagum

A Azare, hedikwatar masarautar Katagum, da ƙauyukan da ke kewaye da ita, duk lokacin da labarin fashi ya bazu sai magidanta su shiga tambayar ko doka ta yarda mutum ya harbi wanda ya haura masa katanga da dare. Tambayar ta ƙunshi batutuwa biyu da jama'a kan gwama, wato haƙƙin kare kai da kuma izinin mallakar makami.

Haƙƙin kare kai yana da faɗi. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya amince da amfani da ƙarfi gwargwadon buƙata don kare mutum ko dukiya, sannan kundin hukunta laifuka na Arewa da aka fi sani da Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, ya yarda kariyar ta kai ga kisa idan ana fuskantar fashi, ko fasa gida da dare, ko cinna wa gida wuta. Sai dai kundin ya gindaya sharaɗi cewa kada cutarwar ta wuce abin da kariya ke buƙata, kuma babu wannan haƙƙi idan akwai sukunin neman agajin hukuma. Saboda haka wanda ya bi ɓarawon da ya riga ya zubar da kaya ya arce, ya harbe shi ta baya, zai sha wuyar gamsar da alƙali. Malaman Malikiyya ma sun karantar da cewa ana tunkuɗe mai farmaki da mafi sauƙin abin da zai hana shi, a fara da gargaɗi idan hali ya yi.

Ƙofar mallakar bindiga kuwa ƙunci gare ta. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: na yaƙi da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa, na farauta masu harsashi, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da izininsu, da bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ita kuma tana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Mutum na iya kuɓuta daga tuhumar kisa, amma a ɗaure shi kan makamin da ya riƙe ba lasisi. A watan Yunin 2022 gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya kira jama'a su nemi bindiga, amma Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yanayin gidan Bahaushe, inda mata da yara da baƙi ke kwana ɗaki-ɗaki a tsakar gida guda, kuma matashin da ya dawo hira a makare kan haura katanga don gudun faɗa. A irin wannan duhu, harsashin da ke watsuwa ba ya tantance ɗa da ɓarawo. Bindigar toka, da ake wa laƙabi da harbi-ka-ruga, sau ɗaya take tashi kafin a sake ɗuri, alhali 'yan fashi a gungu suke zuwa, sau da yawa da makaman da suka fi ta, kuma sanin cewa akwai bindiga a gida kan sa maigida ya zama wanda za su fara nema.