GYARA LAFAZIN MANHAJAR DA KE KARANTA WA MAKAFI WAYA

Makaho yana aiki da wayar hannu ne da kunne. Akwai manhajar da ke karanta masa abin da ke fuskar waya: VoiceOver, wadda kamfanin Apple ya sa a iPhone tun 2009, da TalkBack ta wayoyin Android. In ta karanta kalma ba daidai ba, abin da ya ji shi zai ɗauka, ko da kuwa sunan wanda zai aika wa kuɗi ne.

Inda Matsalar Take

Muryar da aka fi saka wa wayoyi a Nijeriya ta Turanci ce, kuma da ƙa'idar Turanci take furta duk abin da ta tarar. A Maiduguri kuwa Hausa da Barbarci ne harsunan kasuwa da gida. Sunaye irin su Yerwa da Gwange da Bulumkutu baƙi ne ga wannan murya. Haka ma baƙaƙe masu lanƙwasa na Hausa, wato ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda su ne ke raba “ƙafa” da “kafa”. Barbarci ma yana da nasa, ǝ da ɍ, a daidaitacciyar ƙa'idar rubutun da Hukumar Harshen Kanuri ta amince da ita a Maiduguri cikin 1975.

Aikin Masu Ƙera Manhaja

Na farko, a sanya wa kowane rubutu alamar harshensa: “ha” ga Hausa, “kr” ga Barbarci. Da wannan alama manhaja ke sanin ta canza murya, muddin wayar tana da muryar harshen.

Na biyu, kada a ɓata rubutun kalma don a daɗaɗa wa murya. Akwai makafin da ke haɗa waya da allon rubutun Braille suna karatu da yatsa. In an karkatar da baƙaƙe, kuskuren ne zai iso hannunsu. A bar kalma yadda take, a ɗora mata bayanin lafazi a ɓoye, domin Apple da Android duk sun tanadi hanyar yin haka.

Na uku, a rubuta “naira” cikakkiya maimakon harafin N, don kada a karanta harafi a bar kuɗi.

Na huɗu, kafin a saki manhaja, a ba makafi su gwada ta.

Abin da Mai Waya Zai Iya Yi

A cikin saitin VoiceOver akwai wurin da mutum zai shigar da kalma, ya koya wa waya yadda ake faɗinta. Ya kamata ɗan'uwa mai gani ya zauna da makaho su shigar da sunayen dangi da na unguwanni.

Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta tabbatar da cewa haƙƙinsu ɗaya ne da na kowa. Bankuna da asibitoci da ma'aikatun da ke hulɗa da jama'a ta waya su tabbata saƙonsu ya isa kunnen makaho daidai.