HID Awolowo: Uwar da ta riƙe gida lokacin da mulki ya juya baya

A ranar 19 ga Satumba, 2015, Cif Hannah Idowu Dideolu Awolowo ta rasu a gidanta da ke Ikenne, Jihar Ogun, saura kwana 67 ta cika shekara ɗari a duniya. 'Ya'ya da jikoki suna tsakiyar shirin bikin cikarta ɗarin ne ajali ya riga su. Ba su sauya ranar ba: an binne ta a 25 ga Nuwamba, ranar da aka haife ta a 1915, taron da aka tanada domin murna ya koma na ban kwana.

Yawancin 'yan Najeriya sun san ta a matsayin matar Cif Obafemi Awolowo, Firimiyan farko na Jihar Yamma. Sai dai wanda ya bi tarihin gidan zai ga cewa a lokuta mafiya tsanani, ita ce ginshiƙin da kowa ya jingina da shi, har da maigidan kansa.

An haife ta a gidan Adelana da ke Ikenne, ta kuma yi karatu a makarantar 'yan mata ta Methodist a Legas. Lokacin da aka ɗaura aurensu a 26 ga Disamba, 1937, Awolowo saurayi ne mai neman abin kansa, wanda kasuwanci ya yi ta ba shi kashi har bashi ya yi masa katutu. A 1944 ya tafi Landan karatun lauya, ya bar ta da ƙananan yara. Da ɗinki da saye da sayarwa ta ciyar da gidan har ya dawo da shaidar lauya. Kasuwancin nan bai tsaya ba ko bayan da mijinta ya zama Firimiya a 1954. Ta yi suna a cinikin yadi da leshi, ta zama dillaliyar kamfanin taba na Najeriya, ta kuma kafa kamfanin Dideolu Stores. Matar shugaba ce, amma tukunyar gidanta ba ta dogara da baitulmali ba.

Amfanin hakan ya bayyana a 1962, lokacin da rikicin jam'iyyar Action Group ya kai ga kafa dokar ta-ɓaci a Yamma. An taƙaita zirga-zirgar Awolowo, daga baya aka gurfanar da shi bisa zargin cin amanar ƙasa. Ana cikin shari'ar, a watan Yulin 1963, babban ɗansu Segun, matashin lauya da ya yi karatu a Kambirij, ya rasu a haɗarin mota a hanyar Ibadan zuwa Legas. Wata biyu bayan haka kotu ta yanke wa mahaifinsa ɗaurin shekara goma. Cikin 'yan watanni, ɗa ya tafi kabari, miji ya tafi kurkuku, masu cika falo a zamanin mulki kuwa da yawa suka ɗauke ƙafa.

A irin wannan hali ba wanda zai zarge ta da ta rufe ƙofa ta zauna makoki. Ita kuwa fita ta yi. A zaɓen tarayya na 1964 ta zagaya ƙasa tana yaƙin neman zaɓe a ƙarƙashin ƙawancen UPGA, a madadin mijinta da ke tsare. Ta ci gaba da kula da karatun sauran yaran, ta rungumi jikokin da Segun ya bari, ta kuma tsaya wa jaridar Nigerian Tribune, wadda Awolowo ya kafa a 1949, a lokacin da take shan matsin hukuma. Da Yakubu Gowon ya sako shi daga kurkukun Kalaba a watan Agustan 1966, gida ya tarar a tsaye. Shekara ɗaya bayan haka ya zama Kwamishinan Kuɗi na Tarayya. Shi da kansa ya danganta nasararsa ga abubuwa uku, wato rahamar Ubangiji, horon kai, da mace ta gari.

Awolowo ya rasu a 9 ga Mayu, 1987. Ta rayu shekara 28 bayansa, kuma a wannan zango ne hidimarta ga jama'a ta fi fitowa fili. Ta shugabanci kamfanin da ke buga Tribune har ƙarshen rayuwarta, jaridar da a yau ita ce mafi daɗewa cikin jaridu masu zaman kansu da ke raye a ƙasar nan. Ta yi wa cocin Anglican na garinsu hidima tsawon shekaru, akwai kuma asibiti a Ikenne mai ɗauke da sunanta, Dideolu. Ooni na Ife ya naɗa ta Yeye Oodua, wato uwar zuriyar Oduduwa, ba ta kuma ɗauki sarautar a matsayin ado ba. Da almajiran mijinta suka rarrabu zuwa jam'iyyu masu gaba da juna, gidanta ya zama wurin da za a iya tara su a inuwa ɗaya. Ta haura shekara casa'in tana karɓar baƙuncin tarukan haɗin kan dattawan Yarabawa, shugabannin ƙasa da 'yan takara kuma suna zuwa gaishe ta.

Tsawon rai yana da nasa nauyin. Cikin 'ya'yanta biyar, uku sun riga ta: Segun a 1963, Ayodele a 2011, sai Oluwole a 2013. Amma ta ga 'yarta Tokunbo ta zama jakadiyar Najeriya a Holan. Ta ga jikanta Segun, wanda aka haifa bayan rasuwar mahaifinsa, ya shugabanci hukumar bunƙasa fitar da kayayyaki zuwa ƙetare. Wata huɗu kafin rasuwarta kuma, aka rantsar da Farfesa Yemi Osinbajo, mijin jikarta Dolapo, a matsayin Mataimakin Shugaban Ƙasa.

Ga mai aiki a sakatariyar tarayya, ko hadimin da ke bin bayan wani babba, wannan labari ba na nesa ba ne. A Abuja kujera aro ce. Takarda guda kan ɗauke mutum daga ofis, canjin gwamnati kan kwashe motar aiki da gidan gwamnati a mako ɗaya, mai ritaya kuma kan daɗe yana jiran haƙƙinsa. A irin wannan rana, abin da ke hana gida rushewa sau da yawa shi ne shagon uwargida, ko adashenta, ko zumuncin da ta daɗe tana ƙullawa da dangi da maƙwabta alhali maigida yana can yana zaman taro. Irin waɗannan mata suna nan a Kubwa da Nyanya da Karu, suna nan a Zariya da Bida da Owerri. Su ne ke gaba wajen zuwa dubiya asibiti, dafa abincin makoki da biyan kuɗin makarantar ɗan maƙwabci, kuma sunansu ba ya shiga kundin kowace ma'aikata.

Sunan HID ya shiga tarihi domin gidan da ta riƙe na fitaccen mutum ne. Sauran takwarorinta sai iyalansu sun tashi tsaye kafin a tuna da su. Wanda duk yake da irin wannan tsohuwa a raye, ya dace ya zauna kusa da ita, ya ji labarin yadda aka ƙetare shekarun wuya daga bakinta, ya kuma rubuta wa 'ya'yansa tun tana iya gyara masa kuskure.