Aljanin da Ke Roƙon Katin Waya: Abin Dariya a Harkar Tsaron Bayanai

Tsaron bayanai, wato dabarun da ake bi domin hana wanda ba shi da hurumi kaiwa ga sirrin mutum ko ga kuɗinsa da ke ajiye a waya da kwamfuta da asusun banki, fanni ne da aka saba tattaunawa a kansa cikin ɗaure fuska, saboda galibin labaransa na asara ne da takaici. Sai dai duk wanda ya bi diddigin yadda sirri ke fita zai tarar cewa sau da yawa mai sirrin ne da kansa yake miƙa shi ga ɓarawo, wani lokaci har da godiya da addu'a, ba tare da an fasa wata na'ura ba, kuma daga nan ne ɓangaren ban dariya na wannan fanni ya samo asali. Amfanin wannan dariya ya wuce nishaɗi, domin takan nuna ainihin inda ɓarakar take fiye da yadda dogon gargaɗi ke nunawa.

A Rano da Kibiya, kamar sauran garuruwan kudancin Kano, lambobin sirri sun shiga rayuwar talaka ne a hankali kafin daga baya su shigo da gudu. A 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da BVN, lamba mai alƙaluma 11 da ke haɗa dukkan asusun mutum da hoton yatsunsa, sannan a ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Amma abin da ya tura manomi da mahauci da mai ƙosai cikin wannan duniya shi ne ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, lokacin da wanda bai taɓa taka ƙofar banki ba ya buɗe asusu a OPay ko Moniepoint ko PalmPay domin ya sayar da buhun masararsa. Mutanen Rano, garin da ke cikin Hausa Bakwai, sun san ganuwa tun kaka da kakanni, sun kuma san cewa komai kaurinta ba ta hana kowa shiga idan mai tsaron ƙofa yana buɗe wa duk wanda ya iya gaisuwa. Bankuna sun kashe dukiya mai yawa wajen gina ganuwar, amma ƙofar tana hannun mai asusun.

A gindin lemar mai POS, wato ɗan ƙaramin injin da wakilin banki ke cire wa mutane kuɗi da shi, ake ganin yadda wannan ƙofa ke buɗewa. Ba baƙon abu ba ne dattijo ya miƙa katinsa ga yaron da ke zaune, a ce masa "Baba, sa lambarka," shi kuwa ya ce "Danna mini kawai, ɗana," sannan ya ɗaga murya ya karanto alƙaluman guda huɗu ta yadda mai shayi da ɗan acaɓa da duk wanda ke bin layi za su haddace su tare da shi. Wani kuma, saboda tsoron mantuwa, yakan rubuta lambar a 'yar takarda ya naɗe katin da ita, don kada su rabu, wanda hakan ke nufin duk wanda ya tsinci ɗaya ya tsinci biyu. Bai dace a kira wannan wauta ba, domin tushensa kara ce da kunya: a tarbiyyar Bahaushe, rufe hannu a kan injin a gaban ɗan maƙwabci tamkar cewa ne ba a yarda da shi ba, kuma mutane da yawa sun gwammace su ɗauki haɗarin asara da su ɗauki nauyin zargin wanda suka sani. Wanda ya ƙera injin ya ɗauka cewa kowa baƙo ne ga kowa, alhali a Kibiya da wuya a sami mutum biyu da ba su haɗa dangi ko unguwa ko makarantar allo ba.

Su kansu alƙaluman huɗun suna da tarihi mai sa murmushi. John Shepherd-Barron, wanda injin cire kuɗin da ya tsara ya fara aiki a wani reshen bankin Barclays da ke Enfield a arewacin Landan a watan Yuni na 1967, ya bayyana cewa da farko alƙaluma shida ya yi niyyar sawa, sai matarsa Caroline ta ce ita huɗu kaɗai za ta iya riƙewa. A lissafi, alƙaluma huɗu suna ba da lambobi 10,000 daban-daban, kuma tun da injin kan toshe kati bayan kuskure uku, ɓarawon da ke cinka ba shi da wani rabo na a zo a gani. Matsalar ita ce mutane ba sa zaɓe da ka. A 2012 wani manazarci mai suna Nick Berry ya duba lambobin sirri kimanin miliyan 3.4 da suka fallasa a intanet, ya tarar cewa 1234 ita kaɗai ta kusa kashi 11 cikin ɗari, 1111 da 0000 na biye da ita, lambobi 20 kacal kuma sun haɗiye sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duka. Lambobin da ke farawa da 19 su ma sun yi yawa fiye da kima, saboda shekarun haihuwa ne, ga shi kuma shekarar haihuwa tana rubuce a katin shaidar da ke zaune a aljihu ɗaya da katin banki. Wadda ta fi ƙarancin amfani a binciken ita ce 8068, amma daga ranar da aka wallafa hakan ta daina zama mafaka, domin ɓarayi ma suna karatu.

Wanda zai ɗauka cewa wannan sakaci na mutanen karkara ne sai ya dubi manya. A watan Afrilu na 2015, bayan kutsen da ya rufe tashar talabijin ta TV5Monde a Faransa, an yi hira da wani ma'aikacinta a ofis game da harin, sai masu kallo suka hango takardu manne a bayansa ɗauke da kalmomin sirri na shafukan tashar. A 2016 an shiga wasu shafukan sada zumunta na Mark Zuckerberg, mai kamfanin Facebook, waɗanda suka shiga kuma suka ce kalmar sirrinsa ita ce dadada. A watan Oktoba na 2018 mawaƙin Amurka Kanye West ya buɗe wayarsa a ofishin shugaban ƙasa, a gaban 'yan jarida masu ɗaukar hoto, da sifiri shida a jere. Bambancin da ke tsakanin waɗannan da dattijon da ke gaban mai POS shi ne yawan waɗanda suka gani.

Ɓangaren 'yan damfara ma ba ya rasa abin dariya. A ƙasar Hausa an daɗe da sanin masu kiran waya da tsakar dare, waɗanda kan sauya murya su ce su aljanu ne, su yi wa mutum albishir da dukiya ko su tsorata shi da mutuwar ɗansa, sannan su nemi ya sayi katin waya ya karanto musu lambobin, ko ya tura kuɗin sadaka zuwa wani asusu. Tambayar da masu raha ke yi, wato me aljanin da ke tashi sama zai yi da katin waya, kuma da wace NIN ya yi rajistar layinsa, ta kuɓutar da mutane da dama, domin wanda ya taɓa yin dariya a kan wannan kira da rana ba zai firgita da shi da dare ba. Akwai kuma mai kira da muryar ladabi ya ce daga banki yake, an rufe BVN, sai an karanto masa lambar da aka turo yanzu kafin a buɗe. Wannan lamba, da ake kira OTP, ta amfani sau ɗaya ce, kuma ita ce ke tabbatar wa banki cewa mai asusun ne ke fitar da kuɗi, saboda haka babu ma'aikacin banki na gaskiya da ke buƙatar jin ta. Haka ake ƙwace WhatsApp da lamba mai alƙaluma shida da sunan za a yi taron ƙungiya, kuma abin da kan tona asirin ɓarawon shi ne 'yan uwa su ga malamin da bai taɓa rubuta musu komai ba sai Hausa da Larabci ya wayi gari yana neman rance da Turanci.

Raunin waɗannan ƙarairayi da gangan ne. A 2012 Cormac Herley, mai bincike a kamfanin Microsoft, ya yi bayanin cewa ɗan damfara yana aika saƙo ga dubban mutane kusan a kyauta, amma lokacin da zai ɓata wajen jan ra'ayin mutum guda yana da tsada, don haka labari maras kan gado yana yi masa aikin tantancewa: mai wayo ya yi dariya ya wuce, wanda ya amsa kuma shi ne ake nema. Wasiƙun irin wannan sun yi suna har aka ba marubutansu na Nijeriya kyautar Ig Nobel, wadda ake bayarwa cikin zolaya, a fannin adabi a 2005, saboda gajerun labaran da suka ƙirƙira na attajiran da dukiyarsu ta maƙale. A wannan shekarar ce kuma kotu a Legas ta ɗaure Emmanuel Nwude, bayan hukumar EFCC ta gurfanar da shi kan karɓe dala miliyan 242 daga wani jami'in bankin Noroeste na Brazil tsakanin 1995 da 1998, da sunan kwangilar filin jirgin sama a Abuja wanda ba a taɓa ginawa ba. Jami'in masani ne a harkar kuɗi, amma kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma ba ya tambayar takardar makaranta.

A wasu lokuta dariyar kan koma kan ɗan damfarar. A watan Nuwamba na 2024 kamfanin waya na O2 a Birtaniya ya fito da Daisy, wata murya ta ƙirƙirarriyar basira da ke kwaikwayon tsohuwa mai yawan surutu, wadda ke amsa kiran macuta ta riƙe su da labarin saƙa da kyanwarta da lambobin banki na ƙarya, domin duk mintin da suka ɓata da ita wani ya tsira. Matasa a Nijeriya ma sukan naɗi irin wannan hira, inda suke ba mai kira alƙaluma a birkice har ya fusata ya ɓige da zagi, sannan su yaɗa ta a WhatsApp. Duk da daɗin saurarenta, hanya ce mai haɗari ga wanda bai goge ba, domin doguwar hira ita ce sana'ar mai kiran, kuma katse waya ya fi sauƙi da aminci.

Inda dariya ke yin ɓarna shi ne lokacin da aka juya ta kan wanda aka cuta. A gari irin Rano ko Kibiya, inda labari kan zaga majalisu kafin la'asar, mutumin da aka kwashe masa kuɗi yakan yi shiru don gudun zama abin tsokana, alhali sa'o'in farko su ne masu muhimmanci, lokacin da ake iya toshe kati ko asusu ta lambar gaggawa da bankuna ke bayarwa, a sanar da banki a rubuce, a kuma rufe layin da aka sace. Shirun mutum guda yana ba macuci damar maimaita dabararsa a gida goma. Saboda haka ya kamata masu POS su riƙa juya injin ga mai kati su kau da kai, har abin ya zama ladabin sana'a wanda ba wanda zai ɗauke shi zargi, ya kamata kuma limamai da masu unguwanni da malaman makaranta, waɗanda ake sauraron maganarsu, su riƙa ba da waɗannan labarai suna ɓoye sunan wanda abin ya faɗa wa, suna bayyana dabarar filla-filla. Idan jama'a suka saba yi wa dabarar dariya suka bar mutumin, wanda aka cuta zai yi magana da wuri, kuma ɗan damfara zai rasa abin da ya fi dogara da shi, wato mutanen da ba su taɓa jin labarinsa ba.