Ƙwayar Cutar Kwamfuta Ta Daina Zaɓen Gida

A ƙarshen watan Maris na 2024, Andres Freund, injiniya a kamfanin Microsoft, ya lura cewa shiga wata na'urarsa mai babbar manhajar Linux na ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi sawun jinkirin sai ya gano wata ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa a cikin XZ Utils, ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowane nau'in Linux ke ɗauke da ita. Wanda ya dasa ta ya shafe kimanin shekara biyu yana aikin sa kai har aka yarda da shi. Babu ɗan dandatsar da zai ɓata shekara biyu a kan abin da ba ya kawo riba. Wannan kaɗai ya isa ya binne tsohon zancen da masu Mac da Linux ke tinƙaho da shi, wai ƙwayar cuta matsalar masu Windows ce.

Zaman lafiyar da suka daɗe suna ci, yawancinsa na rashin kasuwa ne. Lokacin da kusan kowace kwamfutar ofis da ta gida Windows ce, mai ƙirƙirar ƙwayar cuta ba shi da dalilin wahalar da kansa kan 'yan tsiraru. Yanzu dukiya ta ƙaura. Yawancin uwayen garken intanet Linux ke tafiyar da su, Android a kan ƙashin bayan Linux aka gina ta, Mac kuwa ta cika hannun masu gina manhaja da masu hada-hadar kuɗin kirifto. Ɓarayi suka bi kuɗi. A 2012 ƙwayar Flashback ta kama Mac kusan 600,000 ta wata kafa a manhajar Java, kuma a shekarar ce Apple ya cire daga shafinsa iƙirarin cewa Mac ba ta kamuwa da cututtukan sauran kwamfutoci. A 2016 KeRanger ta fara kulle fayilolin masu Mac tana neman kuɗin fansa. Zuwa 2023 ana ba da hayar Atomic Stealer a Telegram kan dala 1,000 a wata, aikinta kwashe kalmomin sirri da asusun kirifto daga Mac. Sana'a ce da ta kafu, da dillalanta da farashinta.

Idan aka duba yadda ake shiga, sakaci ne ya fi yawa. Ƙwayar Mirai, wadda ta durƙusar da kamfanin hidimar intanet na Dyn a ranar 21 ga Oktoba 2016 har Twitter da Netflix suka gagara buɗuwa a sassan Amurka, ta tara rundunarta ne daga kyamarori da na'urorin raba intanet masu Linux waɗanda ba a taɓa canza kalmar sirrin da suka zo da ita ba. Harin ESXiArgs na Fabrairun 2023 ya kulle dubban uwayen garke ta wata ɓaraka da aka fitar da gyaranta tun 2021. Wanda ya gaskata cewa na'urarsa ba ta kamuwa shi ne ke jinkirta sabuntawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Masu kare Mac da Linux za su ce gininsu ya fi ƙarfi: manhaja ba ta taɓa tushen na'ura sai an ba ta izini, lambobin Linux kuma a buɗe suke kowa na dubawa, har yau ma Windows ce ta fi yawan cututtuka. Duk gaskiya ne. Amma izinin nan mai na'ura ne ke bayarwa da hannunsa idan tallan bogi ko manhajar sata ta yaudare shi, ƙofar XZ kuma mutum ɗaya ne ya gano ta, bisa dace. Craig Federighi, shugaban sashen manhaja na Apple, da bakinsa ya amsa a gaban kotu a 2021 cewa yawan manhajojin ɓarna a Mac ya wuce abin da za su lamunta.

Lamarin ya shafe mu kai tsaye, domin kwamfutar yawancinmu ita ce wayar Android da ke ɗauke da manhajar banki. A 2021 kamfanin Kaspersky ya gano ƙwayar Triada a cikin FMWhatsApp, ɗaya daga cikin jabun WhatsApp irin waɗanda ake turawa juna ta Xender. Rigakafin ba shi da tsada: a sabunta babbar manhaja da zarar gyara ya fito, a sauke manhaja daga rumbunta na asali, a canza kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita, a kunna tantancewa mai mataki biyu, a ajiye kwafin muhimman fayiloli a wurin da ba ya haɗe da intanet. Duk wanda ya ce maka na'urarsa ba ta kamuwa, ka tambaye shi yaushe rabonsa da sabunta ta.